Bin Diddigin Gargaɗin Zarce Iyakar Jeri a Tsofaffin Direbobin Na'ura

1.0 Gabatarwa

A ranar Juma'a, 19 ga watan Yuli na shekarar 2024, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows suka tsaya cik a sassa daban-daban na duniya. An soke tashin dubban jiragen sama, asibitoci suka ɗage ayyukan tiyata, bankuna da gidajen talabijin suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Kamfanin CrowdStrike, wanda manhajarsa ta tsaro ce ta haddasa lamarin, ya bayyana musabbabin daga baya. Wani sashe na manhajar an tsara shi ya karanta bayanai guda 21, amma guda 20 ake miƙa masa. Kuskuren yana nan kwance tun watan Fabrairu, domin ba a taɓa buƙatar bayani na 21 ɗin ba. Ranar da aka buƙace shi, sai manhajar ta miƙa hannu wurin da ba nata ba, kwamfutocin suka faɗi.

Wannan kuskure shi ake kira zarce iyakar jeri, kuma yana daga cikin tsofaffin kurakuran da aka sani a fagen rubuta manhaja. Akwai manhajoji na musamman da aka ƙera domin su gano irinsa tun kafin ya yi ɓarna. Sai dai idan aka sa su a kan tsohon rubutu, sukan zubo gargaɗi ɗaruruwa, wasu na gaskiya, wasu na ƙarya, kuma babu wata alama a jikin gargaɗin da za ta raba wannan da wancan.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda injiniya yake bin diddigin irin wannan gargaɗi a cikin tsofaffin direbobin na'ura. Za a nuna cewa gargaɗin tambaya ce manhaja ta jefo, mutum ne kuma zai amsa ta, kuma amsar tana wurin gano inda lamba ta fito da wanda yake da ikon canza ta. Ba a buƙatar ɗalibi ya iya rubuta manhaja kafin ya bi bayanin, domin an juya dukkan misalan zuwa Hausa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Jeri da Gurbi

Ma'ajiyar kwamfuta tana kama da dogon layin rumfunan kasuwa, kowace rumfa da lambarta, wannan na manne da wannan, babu katanga a tsakani. Idan mai rubuta manhaja yana son ya ajiye abubuwa iri ɗaya guda takwas, sai ya kama rumfuna takwas a jere ya ba su suna ɗaya. Wannan shi ne jeri, kowace rumfa kuma ana ce mata gurbi. Alal misali, ga jeri na na'ura mai tashoshi takwas:

(1) tasha[8]

A harshen C, wanda da shi aka rubuta mafi yawan direbobi, ƙidaya daga sifili take farawa. Ke nan gurbin farko shi ne tasha[0], na ƙarshe kuwa tasha[7]. Babu tasha[8] ko kaɗan. Wannan salon ƙidaya ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Jaririn da aka haifa ran Litinin, ran Litinin mai zuwa ake raɗa masa suna, a ce ya kwana bakwai. Ranar haihuwa bai kwana ko ɗaya ba, wato kwanansa sifili. Wanda ya ƙidaya ranaku maimakon kwanaki zai sami takwas. Haka lambar gurbi take a C: nisa take nunawa daga bakin jeri, kamar yadda kwana yake nuna nisa daga ranar haihuwa. Rikita waɗannan ƙidayoyi biyu shi ne tushen zarcewa da yawa.

Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro harshen C a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, wajen shekarar 1972, a zamanin da kwamfutoci ba su da ƙarfi. Saboda a sami sauri, harshen ba ya tsayawa ya duba ko lambar da aka ba shi tana cikin iyaka. Idan aka ce ya karanta tasha[8], sai ya ɗauko kayan rumfar maƙwabci. Idan aka ce ya rubuta a can, sai ya zubar da kayan maƙwabcin ya ɗora nasa. Ta irin wannan ƙofa ce, tare da wasu, manhajar ɓarna ta Morris ta bi ta kama dubban kwamfutoci a intanet a watan Nuwamba na 1988.

2.2 Direban Na'ura

Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, irin su Linux ko Windows, wadda take raba aiki tsakanin sauran manhajoji. Uwar manhaja ba ta jin yaren kowace na'ura da za a jona mata, ko firinta ce, ko kyamara, ko katin sadarwa. Saboda haka kowace irin na'ura tana da ƙaramar manhaja da take yi mata tafinta. Ita ake kira direba.

Abin lura a nan shi ne wurin da direba yake zaune. Manhajoji na yau da kullum kowace an killace ta a nata filin, idan ta yi kuskure ita kaɗai za ta mutu. Mafi yawan direbobi kuwa a cikin zuciyar uwar manhaja suke aiki, inda babu shinge tsakaninsu da komai. Idan direba ya zarce iyaka, ko dai kwamfutar ta faɗi baki ɗaya, ko bayanai su gurɓace a ɓoye, ko kuma wani mugu ya yi amfani da kafar ya karɓe ragamar kwamfutar.

2.3 Binciken Rubutu

Hanyoyi biyu ake bi wajen neman kuskure a manhaja. Ta farko ita ce gwaji a aikace, wato a kunna manhajar a ga abin da za ta yi. Wannan hanya ba ta ganin komai sai abin da ya faru lokacin gwajin. Ta biyu ita ce binciken rubutu, wato a sa wata manhaja ta karanta umarnin layi bayan layi ba tare da an kunna shi ba, tana bin kowace mararraba, tana lissafa mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da kowace lamba za ta iya zama.

Kakar irin waɗannan manhajoji ita ce lint, wadda Stephen Johnson ya rubuta a Bell a 1978. A kan Linux ana amfani da Sparse, wadda Linus Torvalds ya fara a 2003, da Smatch ta Dan Carpenter, da Coccinelle ta Julia Lawall da abokan aikinta, da kuma Coverity, wadda ta samo asali daga Jami'ar Stanford. Su ma manhajojin fassara, wato masu juya C zuwa lambobin da na'ura take ganewa, irin su GCC da Clang, suna yin nasu gargaɗin.

Duk da haka, akwai iyakar da babu manhajar da za ta iya tsallakewa. Aikin Alan Turing na 1936 da na Henry Rice na 1953 sun tabbatar ta fuskar lissafi cewa ba za a taɓa samun manhajar da za ta riƙa yanke hukunci daidai a kan halin kowace manhaja ba. Don haka dole manhajar bincike ta yi hasashe. Idan ta tsananta, za ta yi ta gargaɗin ƙarya. Idan ta sassauta, za ta yi shiru a kan kuskure na gaske. Masu Coverity sun bayyana a 2010 cewa idan gargaɗin ƙarya ya haura kashi 30 cikin ɗari, mutane sukan daina sauraron manhajar, har na gaskiyar ma su yi watsi da shi.

3.0 Dalilin da Ya Sa Tsofaffin Direbobi Suka Fi Wuya

A shekarar 2001, Andy Chou da Dawson Engler da abokan aikinsu a Stanford suka sa manhajojin bincike a kan zuciyar Linux. Sun gano cewa yawan kuskure a direbobi ya kan ninka na sauran sassa sau uku zuwa bakwai, kuma kuskure yakan yi kusan shekara biyu kafin a gyara shi. Bayan shekara goma, a 2011, wasu masana mafi yawansu daga Faransa suka maimaita binciken, suka tarar direbobi sun inganta har ba su ne kan gaba ba. Amma direbobin da ake kula da su ne suke samun irin wannan ci gaba. Tsofaffi suna da nasu matsalolin guda uku.

Ta farko, an rubuta su a zamanin da ake yarda da na'ura. Mai rubutu yana da katin a gabansa, ya san ba ya bayar da lambar da ta wuce 7, saboda haka bai ga dalilin dubawa ba. Wannan sani a kansa yake, bai shiga cikin rubutun ba, manhajar bincike kuwa rubutu kaɗai take gani.

Ta biyu, marubucin ya daɗe da barin aikin, na'urar ma ta ɓace daga kasuwa. Babu wanda za a tambaya, babu kuma abin da za a gwada gyara a kansa. A 2019 an ayyana direban faifan filofi na Linux a matsayin maraya, saboda mai kula da shi ba ya da sauran na'ura mai aiki da zai yi gwaji da ita, kafin daga baya wani ya karɓi riƙonsa.

Ta uku, tsufan rubutu ba ya hana a kai gare shi. Manyan kamfanoni sukan raba kwamfuta ɗaya zuwa kwamfutocin kwaikwayo masu yawa su ba da haya, kuma waɗannan sukan zo da filofi na kwaikwayo. A watan Mayu na 2015 aka bayyana wani kuskure da aka laƙaba wa suna VENOM a manhajar QEMU, a sashen da yake kwaikwayon na'urar sarrafa filofi. Akwai jeri mai gurabe 512, kuma akwai wasu umarnai da ba sa mayar da lambar gurbi sifili bayan an gama da su, sai ta yi ta hawa har ta fita daga jerin. Kuskuren yana nan tun 2004. Ta wannan kafa ɗan haya yana iya fasa ɗakinsa ya shiga cikin gidan gaba ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ƙofa tana buɗe a sashen da kowa ya ɗauka ya mutu.

4.0 Matakan Bin Diddigi

A ɗauka manhajar bincike ta karanta wannan umarni:

(2) a. Karɓi lamba daga na'ura.
b. Idan lamba ta fi 8, dakata.
c. Rubuta a tasha[lamba].

Sai ta yi gargaɗi a kan layin (2c) cewa lamba tana iya kaiwa 8, alhali jerin ya ƙare a 7. Injiniya ba zai taɓa komai ba sai ya amsa tambayoyi huɗu.

4.1 Mene ne Ainihin Girman Jerin?

Sau da yawa ba a rubuta girman jeri da lamba ƙarara, sai a ba shi suna, a fayyace sunan a wani fayil dabam. Linux tana aiki a kan ire-iren kwamfutoci masu yawa, kuma suna ɗaya yana iya zama 2 a wannan iri, ya zama 1 a wancan. Ke nan rubutu ɗaya yana iya zama lafiyayye a wata kwamfuta, ya zama mai zarcewa a wata. Wajibi ne injiniya ya san da wane iri aka yi binciken, ya kuma duba sauran.

4.2 Daga Ina Lambar Ta Fito?

Wannan ita ce babbar tambaya. Ana bin lambar da baya da baya, daga inda aka yi amfani da ita zuwa inda aka haife ta. Mafari uku ake samu. Ko dai direban ne da kansa ya ƙidaya ta, ko mai amfani da kwamfuta ne ya aiko ta, ko kuwa na'ura ce ta bayar. Idan ta farko ce, lissafi kawai za a duba. Idan ta biyu ce, to a ɗauka mai aikowa zai aiko mafi munin lambar da za ta yiwu, domin ba kowane mai amfani ne mutumin kirki ba.

Ta ukun ita ce mai ruɗi. Takardar bayanin na'ura tana iya cewa lambar tasha daga 0 zuwa 7 take, injiniya ya karanta ya sami natsuwa. Amma takarda tana bayanin lafiyayyar na'ura ce. Katin da yake kan layin PCI idan ya lalace, ko aka zare shi ana cikin aiki, duk abin da aka karanta daga gare shi yakan dawo a cike maƙil, wato bayit ɗaya ya ba da 255. Jeri mai gurabe takwas ina zai kai 255? Bugu da ƙari, na'urar USB ita take gabatar da kanta ga kwamfuta, ta faɗi irinta da adadin tashoshinta, kuma ana iya ƙera wadda za ta yi ƙarya da gangan. Saboda haka ƙa'idar da ake bi a yau ita ce, lambar da ta fito daga wajen direba baƙuwa ce, sai an bincike ta kafin ta shiga.

4.3 Shin Shingen Yana Aikinsa?

Layin (2b) shi ne shinge. Samun shinge bai isa ba, sai an duba ko yana tare abin da aka kafa shi dominsa. Akwai hanyoyi huɗu da yakan gaza.

Ta farko ita ce wadda take cikin misalinmu. An ce "idan ta fi 8", alhali "idan ta kai 8" ya kamata a ce. Bambancin fi da kai, wanda a rubutun C alama ɗaya ce tak, shi ya bar lamba 8 ta wuce. A nan gargaɗin gaskiya ne.

Ta biyu, shingen ya tare sama ya bar ƙasa. Wasu lambobi a C suna iya sauka ƙasa da sifili, kuma al'ada ce a yi amfani da -1 a nuna cewa aiki bai yiwu ba. Lamba -1 ba ta fi 8 ba, ba ta kuma kai 8 ba, saboda haka za ta wuce, ta faɗa rumfar da take gabanin bakin jeri.

Ta uku, an kafa shingen a bayan gona. A watan Fabrairu na 2020 aka gyara irin wannan a direban filofi na Linux. Akwai layin da yake duba lambar na'urar sarrafa faifai, amma kafin a zo kansa an riga an ajiye lambar a wurin da sauran sassan direban suke ɗauka. Shingen yakan ƙi lambar, amma ba ya goge ta. Gwaji a aikace ne ya bankaɗo wannan, kuma da farko masu dubawa sun ga kamar ba zai yiwu ba, tun da ga shinge nan ƙuru-ƙuru. Gyaran shi ne a duba tukuna, sannan a ajiye.

Ta huɗu, lambar ta canza tsakanin dubawa da amfani. Direba ba shi kaɗai yake aiki ba. Na'ura tana iya katse shi a kowane lokaci, mai amfani kuma yana iya sauya abin da ya aiko. Idan direba ya karanta lamba ya duba ta, sannan ya koma ya sake karanta ta daga tushe don amfani, to abin da ya duba dabam, abin da ya yi aiki da shi dabam.

4.4 Shin Hanyar Tana Biyuwa?

Manhajar bincike takan nuna hanyar da ta bi ta kai ga zarcewar. Wani lokaci hanyar ba ta biyuwa a zahiri. Dubi wannan misali:

(3) a. Idan na'ura sabuwar ƙira ce, iyaka 16 ce. In ba haka ba, 8 ce.
b. Idan na'ura sabuwar ƙira ce, yi aiki da babban jeri. In ba haka ba, yi da ƙarami.

Idan layukan nan biyu suna nesa da juna, manhajar tana iya mantawa cewa sharaɗi ɗaya ne ya ɗaure su, sai ta haɗa iyaka 16 da ƙaramin jeri ta yi ihu. Na'ura ba za ta zama sabuwa a layin farko ta koma tsohuwa a na biyu ba. Wannan gargaɗin ƙarya ne, muddin injiniya ya tabbatar babu wani wuri a tsakani da ake sauya bayanin ƙirar. A nan ne tarihin rubutu yake da amfani. Tun watan Afrilu na 2005 ake adana kowane canji na Linux a manhajar Git, tare da bayanin wanda ya yi shi da dalilinsa. Sau da yawa a can ake ganin cewa wani ya ƙara girman iyaka shekaru da suka wuce, ya manta bai ƙara girman jeri ba.

5.0 Tsohuwar Dabara da Take Kama da Kuskure

Akwai wani nau'in gargaɗi da ya cancanci bayani na musamman, domin ya cika tsofaffin direbobi. Sau da yawa direba yana buƙatar ƙunshi mai kai da jela: kai ya faɗi adadin saƙonni, jela ta ɗauki saƙonnin. Ba a san adadin ba sai lokacin aiki, tsohon harshen C kuwa ba shi da hanyar rubuta jerin da ba a san girmansa ba. Sai marubuta suka ƙirƙiro dabara:

(4) ƙunshi: adadi, saƙo[1]

An rubuta jeri mai gurbi ɗaya a ƙarshen ƙunshi, amma lokacin kama wuri sai a kama fili mai faɗi a bayansa. Daga nan a yi ta amfani da saƙo[5] da saƙo[20] ba tare da wata ɓarna ba, domin filin na direban ne. Duk masu sana'ar sun san cewa 1 ɗin nan ba ɗaya take nufi ba. Manhajar bincike kuwa ta ɗauki maganar a zahirinta.

Ƙa'idar C ta 1999 ta kawo halastacciyar hanya, wato a rubuta saƙo[] babu lamba a ciki. Amma tsohuwar dabarar ta ci gaba da zama a ɗaruruwan wurare, kuma illarta babba ce. Idan manhajar bincike ta yi gargaɗi a kanta, gargaɗin ƙarya ya yi yawa. Idan aka koya mata ta ƙyale duk jerin da yake ƙarshen ƙunshi, sai ta makance ga zarcewa ta gaske a irin waɗannan wurare. Saboda haka Gustavo Silva da Kees Cook da wasu suka shafe shekaru suna bin Linux wuri bayan wuri suna sauya tsohon salo zuwa sabo. A 2022, a fitowa ta 5.18, aka kunna gargaɗin zarce iyaka na manhajar fassara a kan zuciyar Linux baki ɗaya, amma cikin ƴan makonni aka kashe shi ga GCC 12 saboda yawan gargaɗin ƙarya. A 2023, a fitowa ta 6.5, aka umarci manhajar fassara ta ɗauki saƙo[1] a matsayin gurbi ɗaya tak.

Shi kansa sauyin yana da tarko. Tun da tsohon ƙunshi ya riga ya ƙunshi gurbi ɗaya, marubutan da sukan cire ɗaya daga adadi lokacin lissafin fili. Wanda ya sauya saƙo[1] zuwa saƙo[] bai gyara wannan lissafi ba, zai kama filin da ya gaza da gurbi ɗaya. Wato ya haifar da zarcewa ta gaske a wurin da babu ita da.

6.0 Hukunci da Gyara

Bayan an amsa tambayoyin nan, hukunci uku ne yake yiwuwa. Na farko, kuskure ne na gaske. A nan za a yi faci, wato ƙaramin gyara, a kuma duba ko akwai ƴan'uwansa, domin marubutan direbobi sukan kwafi rubutu daga wannan direba zuwa wancan, kuskure ya bi su. Na biyu, rubutun lafiya lau yake a yau, amma lafiyarsa ta dogara ga wani abu da ba a rubuta ba, kamar gaskiyar na'ura. A nan ma ya fi kyau a ƙara shinge, domin layi ɗaya ba shi da tsada. Na uku, gargaɗin ƙarya ne tsantsa. Abin da ya dace shi ne a sake fasalin rubutun yadda manhaja da mutum duk za su gane shi, ko a rubuta dalilin da ya sa aka ƙyale gargaɗin, domin mai zuwa a baya kada ya sake wahalar.

Abin da ake gudu shi ne gyaran da manufarsa kawai a rufe bakin manhaja. Akwai sanannen misali, ko da yake ba a direba ya faru ba. A 2006, wani mai kula da manhajar sirri ta OpenSSL a tsarin Debian ya cire wasu layuka biyu saboda manhajar gwaji tana ƙorafi a kansu. Ƙorafin ya tsaya. Ashe ɗaya daga cikin layukan shi ne yake zuba abin da yake sa makullan sirri su kasance ba a iya hasashensu. Har zuwa watan Mayu na 2008 da aka gano, duk makullin da aka ƙera da wannan manhaja yana cikin kimanin dubu 32 kacal na kowane nau'i, adadin da kwamfuta za ta gwada cikin ɗan lokaci. Garin neman gira aka rasa ido.

A tsohon direba haɗarin ya fi haka, tun da babu na'urar gwaji. Shi ya sa masu wannan aiki suke da wasu ladubba. Faci ya zama ƙarami, ya taɓa abu ɗaya. Idan sauyin na salo ne kawai, a fassara direban kafin gyara da bayan gyara, a kwatanta sakamakon biyu, a tabbatar babu bambanci, in kuma akwai a san dalilinsa. Sannan a faɗi gaskiya a bayanin facin: wace manhaja ce ta yi gargaɗin, ta wace hanya ake kaiwa ga kuskuren, kuma an gwada a kan na'ura ko kuwa fassarawa kawai aka yi. Wani lokaci kuma, idan an tabbatar babu sauran mai amfani da direban, cire shi gaba ɗaya ya fi yi masa faci.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda an bayyana ma'anar jeri da direba da binciken rubutu, an kawo dalilan da suka sa tsofaffin direbobi suke jawo gargaɗi mai wuyar warwarewa, sannan an bi matakan da injiniya yake bi. An ga cewa manhajar bincike ba ta san abin da marubuci ya sani ba, shi kuma marubuci bai hango duniyar da rubutunsa zai tsufa a cikinta ba. Aikin mai bin diddigi shi ne ya tsaya tsakaninsu, ya gano girman jeri, da asalin lamba, da ingancin shinge, da yiwuwar hanya. Tun daga fitowa ta 6.1 a Disamba 2022 Linux ta buɗe ƙofa ga harshen Rust, wanda yake duba iyakar jeri da kansa. Amma miliyoyin layukan C da aka riga aka rubuta suna nan suna aiki a asibitoci da bankuna da filayen jiragen sama, kuma kowane gargaɗi a kansu yana jiran wanda zai zauna ya karanta.

Tambayoyi

1. Jeri yana da gurabe 12. Mece ce lambar gurbinsa na ƙarshe, kuma me ya sa?
2. Sake rubuta misali na (2) yadda zai tare lambar da ta yi yawa da wadda ta sauka ƙasa da sifili.
3. Bayyana bambancin gwaji a aikace da binciken rubutu, tare da raunin kowane.
4. Me ya sa saƙo[1] yake rikita manhajar bincike, kuma wane tarko ne yake cikin gyara shi?